Janar Lettow-Vorbeck da Yaƙin da Aka Ɗauka a Ka



A cikin hafsoshin da Jamus ta tura fagen fama a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tun daga waɗanda suka shekara huɗu cikin ramuka a ƙasar Faransa har zuwa waɗanda suka gwabza da Rasha a gabas, da wuya a sami wanda abokan gabansa suka yi wa kirari kamar yadda suka yi wa Paul von Lettow-Vorbeck, mutumin da bai yi yaƙinsa a Turai ba, a Afirka ta Gabas ya yi shi, da rundunar da mafi yawanta baƙar fata ne, kuma bai ajiye makami ba sai bayan da daular da yake yi wa hidima ta riga ta rushe. Tarihinsa ya shafe mu ta wata fuska da mutane da yawa suka manta, domin a cikin waɗanda suka tsaya gaban bindigoginsa akwai sojojin Nijeriya, kuma a cikinsu akwai Hausawa masu yawa, waɗanda wasunsu can aka binne su.

An haife shi ranar 20 ga Maris 1870 a garin Saarlouis, cikin wani gida na masu asali waɗanda aikin soja ya zama musu gado, mahaifinsa ma janar ne. Tun yana yaro aka sa shi makarantar horon hafsoshi a Potsdam, daga nan Lichterfelde da ke Balin, inda ake tarbiyyar 'ya'yan manyan Furushiya bisa ɗa'a ga Kaisar, wato sarkin Jamus, da jure wahala da ƙin nuna rauni. A 1900 aka tura shi ƙasar Sin cikin rundunar da ƙasashen Turai suka haɗa don murƙushe boren da aka yi wa baƙi a can. Amma makarantarsa ta haƙiƙa, wadda ta koya masa irin yaƙin da ya shahara da shi daga baya, ita ce ƙasar da a yau ake kira Namibiya, inda ya sauka a 1904.

Wajibi ne mu ɗan tsaya a nan, saboda masu yabonsa sukan tsallake wannan babi da sauri. A shekarar ne kabilar Herero, bayan an ƙwace musu ƙasa da shanu, suka yi tawaye, Jamus kuwa ta aiko Janar Lothar von Trotha, wanda bayan karon Waterberg a watan Agusta ya kora mutanen, maza da mata da yara, cikin hamadar Omaheke, ya sa aka tsare rijiyoyi, sa'an nan a watan Oktoba ya ba da umurnin nan nasa na cewa duk Baheren da aka gani cikin iyakar Jamus a harbe shi. Lettow-Vorbeck yana cikin hafsoshin da ke hidima a ofishin wannan janar a lokacin, daga baya kuma ya jagoranci kamfani a yaƙin kabilar Nama, inda a farkon 1906, cikin wani karo da mayaƙan Jakob Morenga, aka raunata shi a idon hagu. Abin da aka yi wa Herero da Nama, gwamnatin Jamus da kanta ta amsa a 2021 cewa kisan ƙare dangi ne. Shi kuwa har ya tsufa bai nuna nadama a kai ba, hasali ma a rubuce-rubucensa ya ba wa wannan ƙeta uzuri. Darasin da ya kwaso daga can shi ne wanda mayaƙan Nama suka koya masa da jikinsa, wato yadda 'yan mutane ƙalilan, waɗanda suka san daji kuma ba su tsayawa wuri guda, za su iya wahalar da babbar runduna shekara da shekaru.

Bayan wasu shekaru yana shugabantar bataliyar sojan ruwa a Wilhelmshaven, sai a 1913 aka naɗa shi kwamandan rundunar Jamus ta Kamaru, amma kafin ya kama aiki aka sauya shawara aka ce ya wuce Afirka ta Gabas. Da ƙaddara ba ta juya haka ba, da shi ne zai fuskanci sojojin Nijeriya a Garwa da Mora, a bakin iyakarmu. Ya isa Darussalam a watan Janairu 1914 yana da muƙamin laftanar-kanar, ya tarar da runduna mai kamfani 14, Jamusawa kimanin 260 da askarawa, wato baƙaƙen sojoji, kimanin 2,500, da yawansu riƙe da tsofaffin bindigogi masu tayar da hayaƙi, an shirya su ne don tsoratar da talakawan ƙasa, ba don karawa da wata daular Turai ba.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta, saɓani na farko da ya taso tsakanin Jamusawan ne su ya su, kuma a ganina duk hukuncin da za a yi wa mutumin nan daga wannan saɓani ya kamata a fara shi. Gwamnan ƙasar, Heinrich Schnee, wanda bisa doka shi ne ke da ikon ƙoli a kan rundunar, ya so a tsame mulkin mallakar daga yaƙin, yana dogaro da sharuɗɗan taron Balin na 1885 waɗanda suka buɗe ƙofar barin yankin ba ruwansa da faɗan Turai, yana kuma tsoron kada mutanen ƙasa, waɗanda ba su manta da kisan da aka yi musu a boren Maji Maji na 1905 zuwa 1907 ba, su ga Turawa suna kashe juna su sake tashi. Lettow-Vorbeck ya ƙi wannan ra'ayi ƙememe. Ya sani sarai cewa ba zai iya kare ƙasar da ta fi Jamus kanta girma nesa ba kusa ba, wadda abokan gaba suka kewaye ta ta tudu kuma jiragen ruwan Ingila suka toshe ta ta teku. Manufarsa, wadda bai taɓa ɓoyewa ba, ita ce ya jawo sojoji da jirage da dukiyar Ingila gwargwadon iko zuwa dajin Afirka, domin kada a yi amfani da su a kan Jamus a Turai. Wato ke nan ƙasar da mutanenta, a lissafinsa, wasila ce kawai zuwa ga wata bukata da ke can wata nahiya, kuma babu wanda ya shawarci ko mutum guda daga cikin miliyoyin da za a yi yaƙin a gonakinsu.

Karon Tanga, a farkon watan Nuwamba 1914, shi ya kafa sunansa. Manjo-Janar Arthur Aitken ya zo da sojoji kimanin 8,000 daga Indiya, waɗanda suka yi makonni cunkushe cikin jirage har suka galabaita, ya kuma ɓata lokaci a bakin gaɓa har Jamusawa suka sami sararin kwaso dakarunsu ta jirgin ƙasa daga gindin dutsen Kilimanjaro. Da mutum kimanin 1,000 Lettow-Vorbeck ya tare su cikin gonakin kwakwa da roba, ƙudan zuma da harbi ya tayar suka shiga tsakani suna harbin kowa, daga ƙarshe Aitken ya kwashe ragowar mutanensa ya koma jirgi, ya bar bindigogi masu ruwa 16 da ɗaruruwan ƙananan bindigogi da harsashi wajen 600,000 a bakin teku. Bayan wata biyu Lettow-Vorbeck ya sake yin nasara a Jassin, amma ya rasa ƙwararrun hafsoshin da ba shi da hanyar maye gurbinsu, kuma a nan ne hankalinsa ya nuna, domin maimakon nasara ta ruɗe shi, sai ya fahimci cewa nasara uku irin wannan za su ƙarar da shi. Daga nan ya bar neman babban karo, ya koma tura ƙananan ƙungiyoyi su ƙetare busasshen daji su dasa nakiya a hanyar jirgin ƙasa ta Uganda.

Babu mai adalci da zai hana shi yabon da ya cancanta a fannin dabara da tattali. Da jiragen Ingila suka nutsar da jirgin yaƙin Königsberg a bakin kogin Rufiji a watan Yuli 1915, sai aka ciro manyan igwoginsa guda 10 aka ɗora su bisa ƙafafu aka riƙa jan su cikin daji. Da maganin zazzaɓi ya yanke, aka riƙa dafa ɓawon itacen kwinin ana sha da ɗacinsa. Takalma daga fatun dabbobi, mai daga kitsen dorina, tufafi daga audugar da matan ƙasa suka kaɗa. Shi kansa yakan yi tafiyar ƙasa ko ya hau keke ya je leƙen asiri, zazzaɓi ya sha kayar da shi yana tashi, ya iya Sawahili, yana cin abin da ya samu. A lokacin da rundunarsa ta kai iyakar yawanta ba ta wuce Jamusawa kimanin 3,000 da askarawa kimanin 12,000 ba. Da Janar Jan Smuts na Afirka ta Kudu ya faɗo masa da babbar runduna a watan Maris 1916, Beljiyam kuma ta matso daga yamma har ta ci Tabora, Darussalam ma ta faɗi a watan Satumba, sai Lettow-Vorbeck ya riƙa ja da baya zuwa kudu a hankali, yana tsayawa ya yi ɓarna ya zame kafin a rufe shi, yana barin ƙudan tsando su kashe dawakin abokan gaba, sauro da atuni kuma su kwantar da mutanensu dubbai.

Wannan ciwo da ya ci Turawan Afirka ta Kudu shi ya sa Ingila ta juya ga baƙaƙen sojojinta. Rundunar Gwalkwas ta riga ta iso tun tsakiyar 1916, sa'an nan a watan Disamba birged ta Nijeriya, bataliya huɗu ƙarƙashin Birgediya Cunliffe, mutanen da ba su daɗe da gama yaƙin Kamaru ba, suka sauka Darussalam bayan sun zagayo ta ƙarshen Afirka a jirgin ruwa. Aka tura su kwarin Rufiji daidai shigowar damina, ruwa ya yanke hanyoyi, abinci ya kasa isowa, har ta kai sojoji suna tonon saiwoyin da ba su sani ba suna ci, wasu guba ta kashe su. Waɗanda suka tsira daga yunwa su ne aka kai Mahiwa a watan Oktoba 1917, aka ce su zagaya su datse bayan wata rundunar Jamus da ke Nyangao, ba a san Lettow-Vorbeck da kansa ya yi tafiyar gaggawa da ƙarin kamfanoni ya iso wurin ba. Kwana huɗu, daga 15 zuwa 18 ga wata, aka yi ana gwabzawa kusa da kusa, an kewaye wani sashe na 'yan Nijeriya ana yi musu ruwan igwa. Ɓangaren Ingila ya yi hasarar sama da mutum 2,000 tsakanin matattu da masu rauni, ɓangaren Jamus kuwa tsakanin 500 da 600. A littattafan soja ana lissafa Mahiwa cikin nasarorinsa, kuma bayanta ne aka ɗaga shi zuwa manjo-janar. Abin da ni nake gani a wurin shi ne Bahaushe da Bayarabe a wannan rami, Banyamwezi da Basukuma a wancan, da yawansu masu kalmar shahada guda, suna kashe juna a kan gardamar da aka ƙulla a fadojin Turai.

Mahiwa ta cinye masa harsashin da ba shi da madadinsa. Jamus ta yi ƙoƙarin aiko masa da kaya ta sama, cikin wani ƙaton jirgi irin na balan-balan da ya taso daga Bulgariya a watan Nuwamba, amma da ya kai sararin Sudan, yamma da Hartum, sai ya juya ya koma. Lettow-Vorbeck ya zube marasa lafiya da masu rauni ya bar wa abokan gaba, ya zaɓi Jamusawa kimanin 300 da askarawa kimanin 1,700, ya haye kogin Rovuma ranar 25 ga Nuwamba 1917 zuwa Mozambik ta Fotugal, inda a ranar ya faɗa wa sansanin Ngomano ya kwashi makamai. Daga wannan rana ba shi da ƙasa, ba shi da rumbu, ba shi da wani tushe sai abin da ya ƙwata.

To, a nan ne za mu tambaya, wa ya ɗauki wannan yaƙi? A ƙasar da ƙudan tsando ba su barin doki ko jaki ya rayu, mota kuma ba ta da hanya, kowane akwatin harsashi, kowane buhun hatsi, kowane guntun igwa, har da kujeru da tantunan hafsoshi, a kan ɗan Adam ya yi tafiya. Ɓangarorin duka biyu sun kama 'yan dako da ƙarfi. Ingila ita kaɗai ta yi amfani da mutum kusan miliyan guda a tsawon yaƙin, kuma lissafinta ya nuna kimanin 95,000 daga cikinsu sun mutu, galibi da yunwa da atuni da ciwon haƙarƙari. Jamusawa kuwa, musamman bayan sun bar ƙasarsu, sukan shiga ƙauye su kama duk namijin da ya iya ɗaukar kaya, su ɗaure su da igiya a wuya kada su gudu, wanda ya yi yunƙurin tserewa a harbe shi, su kwashe hatsin da za su iya ɗauka, sauran su ƙone don kada mai bin sawunsu ya samu. Wani likita da ya yi tafiyar tare da su, Ludwig Deppe, ya rubuta da kansa cewa abin da suke bari a bayansu gonaki ne da aka lalata da rumbuna da aka wawashe da yunwa mai zuwa. Da aka kwashe maza daga gona, damina ta wuce ba shuka, yunwa ta sauka, sa'an nan annobar murar 1918, wadda a ƙasarmu aka kira marisuwa, ta tarar da jikkuna a raunane. Masana tarihi suna ƙiyasta farar hular da suka halaka a yankin da dubu ɗari uku ko fiye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ko bukatar da aka yi wannan ɓarna dominta ta biya? Gaskiya ne dubban ɗaruruwan mutane suka shiga farautarsa, Ingila kuma ta kashe dukiya mai yawa da jiragen da take bukata a wani wuri. Amma tun daga 1917 mafi yawan masu binsa 'yan Afirka ne, irin sojojin da hukumar Ingila ba ta da niyyar kai su fagen Faransa ko da ba shi, saboda haka da wuya a nuna cewa tsayuwarsa ta jinkirta faɗuwar Jamus ko da yini guda. Haka nan labarin biyayyar askarawa, wanda Jamusawa suka yi ta rerawa bayan yaƙi domin su kafa hujjar cewa baƙar fata na son mulkinsu, yana bukatar a auna shi da hankali. Akwai waɗanda suka bi shi har ƙarshe, babu shakka, kuma jarumtarsu ba abin musu ba ce. Sai dai askar mutum ne mai albashi da matsayi, wanda ya yi shekaru yana karɓar haraji da bulala a madadin Bature, saboda haka ba shi da wurin komawa cikin talakawa idan tutar ta faɗi, ga kuma hukuncin bulala da rataya a kan mai gudu. Duk da haka waɗanda suka sulale cikin dare ba kaɗan ba ne.

Wata goma Lettow-Vorbeck ya yi yana zagaya Mozambik, ya ci Namacurra a watan Yuli 1918, ya sake hayewa arewa a ƙarshen Satumba, ya karkata yamma ya shiga Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, ya kama Kasama. A bakin kogin Chambeshi, ranar 14 ga Nuwamba, aka kawo masa labarin cewa an tsagaita wuta a Turai tun kwana uku da suka wuce, Kaisar kuma ya sauka. Ranar 25 ga Nuwamba ya shiga Abercorn, garin da yanzu ake kira Mbala, ya miƙa makamai, tare da shi akwai Jamusawa 155 da askarawa 1,168, da dubban 'yan dako da mata. A farkon Maris 1919 ya ratsa ƙofar Brandenburg a Balin bisa doki, jama'ar da ke neman abin da za su riƙe bayan wulakancin shan kashi suna yi masa guɗa.

Rayuwarsa ta bayan yaƙi ta bayyana irin aƙidar da ke zuciyarsa. A tsakiyar 1919 shi aka tura da runduna Hambug don kwantar da tarzomar talakawa a kan gurɓataccen abinci, ya kuwa yi ta da hannu mai nauyi. A watan Maris 1920 ya goyi bayan juyin mulkin Kapp, wanda ya nemi kifar da sabuwar jamhuriya, da abin ya ci tura aka sallame shi daga soja. Ya zauna a majalisar ƙasa daga 1928 zuwa 1930 a inuwar jam'iyyar 'yan mazan jiya masu begen sarauta. Ana yawan ba da labarin cewa Hitila ya yi masa tayin jakadanci a Landan ya ƙi da kakkausar magana. Bai shiga jam'iyyar Nazi ba, wannan tabbas ne, amma ya ci gaba da yawon lacca yana kiran a mayar wa Jamus ƙasashen da ta mallaka, kiran da ya yi wa gwamnatin daɗi, kuma a 1939 ta ƙara masa girma zuwa cikakken janar. Yaƙi na biyu ya ci 'ya'yansa maza biyu, bom ya rushe gidansa a Bremen, har ta kai tsohon abokin gabansa Smuts, wanda suka haɗu a wata liyafa a Landan tun 1929, yana cikin masu aika masa da abinci. A 1953 ya sake ziyartar Afirka ta Gabas, wasu tsofaffin askarawansa suka tarye shi a Darussalam.

Ya rasu a Hambug ranar 9 ga Maris 1964, saura kwana kaɗan ya cika shekara 94, aka binne shi a Pronstorf da girmamawar soja. A shekarar ne gwamnatin Jamus ta Yamma ta ware kuɗi don tsofaffin askarawan da suka rage, aka buɗe wurin biya a Mwanza, inda tsofaffi wajen 350 suka hallara. Ana ba da labari cewa waɗanda takardarsu ta ɓace akan miƙa musu tsintsiya a matsayin bindiga, a ba su umurnin fareti da Jamusanci, wanda ya yi daidai a biya shi. An sa sunansa a barikoki da tituna da dama a Jamus, amma tun da masana tarihinsu suka koma kan takardun Namibiya da Mozambik da Hambug, garuruwa sun shiga cire shi ɗaya bayan ɗaya, kuma a 2010 aka sauya sunan barikin Leer, haka ma titin da ke ɗauke da sunansa a Saarlouis, garin da aka haife shi.